Fitar kwano a goshin gebul: a ɗora guntaye ko a sake katako?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Ina ginin ɗan gida a Rijiyar Zaki, ɗaki uku da falo, an zuba linta, yanzu kafinta na kan rufi. Rufin gebul ne mai ruwa biyu, ɗaya ya zuba kudu ɗaya arewa, goshi ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma. Tun farko na ce masa ina son kwano ya fito ƙafa 2 da rabi daga bango a goshin nan biyu saboda feshin ruwa da rana. Jiya da na je sai na tarar ya riga ya jera katakan kwance da ake buga kwano a kansu, ya kuma yanke su daidai da bango. Da na yi magana ya ce kar in damu, zai yanko guntaye ya buga a jikin raftar ƙarshe (katakon da ke gangarowa daga saman rufi zuwa bango) su leƙo waje, ya haɗe bakinsu da katako ɗaya, ya rufe da fesiya, wato allon da ake rufe bakin rufi da shi. Wai haka ake yi ko'ina. Ni dai raina bai kwanta ba. Haka ake yi?

Sarkin Bulo: Wa alaikumus salam. Alhaji, wa ya kai ka gebul mai fitar baki a Kano? Ka sa magini ya ɗora bulo layi uku ko huɗu ya zagaye, rufi ya ɓuya a ciki, iska ta zo ta wuce abinta. Ka zaga sababbin unguwanni ka gani, kusan kowa rawani yake yi wa gidansa.

Baba Kafinta: Sarki, bari mu fara jin ciwon kafin ka rubuta magani. Alhaji, amsa mini uku. Katakan kwancen wane awo ne? A tsaye aka ɗora su ko ta faɗinsu? Ƙafa nawa ne tsakanin rafta da rafta?

Baban Ilham: Baba, na kira shi yanzu. Ya ce tu-bai-tiri ne, wato mai inci 2 da 3, a tsaye suke, tsakanin rafta kuma ƙafa 4.

Baba Kafinta: To Alhamdu lillahi, abin bai ɓaci ba. Abin da yaron nan yake son yi maka muna kiransa tsani, kuma ba ƙarya ya yi ba, ana yi. Ana haɗa shi a ƙasa: dogayen katakai biyu, a jera guntaye tsakaninsu duk bayan ƙafa 2, a ɗaga a manna shi a jikin raftar ƙarshe. Amma wannan aikin fitar ƙafa 1 ne, iyakarsa ke nan. Da zarar ka ce ƙafa 2 ko fiye, tsani ba shi da abin riƙewa sai ƙusoshin da ke gindinsa. Shekarar farko zai yi kyau, har a yaba. Damina biyu ta wuce, rana ta busar da katako, ramin ƙusa ya buɗe, sai ka ga baki ya fara sunkuyawa, fesiya ta yi ciki kamar bayan tsohuwar tabarma da aka rataye a igiya.

Fita mai tsawo daga cikin rufi take tasowa. Katakon da ya leƙo waje dole ya zama shi ne wanda ke kwance a kan raftocin ciki, ba ɗan ɗori ba. Ƙa'idar da muka gada ita ce kashi biyu a ciki, kashi ɗaya a waje. Ka fitar da ƙafa 2, to a samu aƙalla ƙafa 4 a ciki, an buge shi a raftar goshi, an buge shi a ta bayanta.

Injiniya: Baba ya gama magana, ni dalili kawai zan ƙara, don Alhaji ya iya yi wa kafintansa bayani ba tare da rigima ba.

Mutane suna ɗauka nauyin kwano ne matsalar fitar baki. Kwano ba shi da wani nauyi. Matsalar iska ce, kuma ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Wadda ta bi ta sama tana zuƙar kwano, wadda ta daki bango kuma ba ta da wajen zuwa sai ta hau sama ta tokare ƙarƙashin fitar. Ka ga ana ja ta sama ana turawa ta ƙasa a wuri ɗaya. Shi ya sa gefe da kusurwa ne suke fara tashi, tsakiyar rufi daga baya take bi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugawa da shi ninki huɗu yake yi. Haka ma tsawon fitar: ka mai da ƙafa 1 ta zama ƙafa 2, ƙarfin da ke son karya katakon a daidai bango ya ninka huɗu, ba biyu ba.

Sai ka haɗa da inda goshin Alhaji yake kallo. Hadarin farkon damina a nan, wajen Mayu da Yuni, daga gabas yake tasowa, iska a gaba ruwa a baya. Wato goshin gabas ɗin nan shi zai fara karɓar duka. A irin wannan wuri ba a dogara da ƙusar da aka buga ta kan guntun katako, wato ta bi tsawonsa. Ita ce mafi raunin riƙo a duk aikin kafinta, ja kaɗan take zarewa.

Kuma ya yi daidai da ya ɗora tu-bai-tirin a tsaye. A tsaye ya fi ƙarfin a kwance da kusan rabi.

Maman Sadik: Wallahi Injiniya kamar a gidanmu ka kwana. Mu a Hotoro irin ɗorin nan aka yi mana ta gabas. Hadarin farko a shekara ta uku, tun kafin ruwa ya sauko muka fara jin gefen kwano na kaɗawa, ƙwas, ƙwas, yara suka taru a ɗakina. Da gari ya waye, allon fesiya na reto ta gefe ɗaya, guntayen na manne a jikinsa, ƙusoshin sun fito tsaf ko lanƙwasa ba su yi ba. Falle uku suka naɗe suka koma kan rufin. Katakon bai karye ba fa, zarewa kawai ya yi. Alhaji kar ka yarda.

Sarkin Bulo: To kun ji da bakin Hajiya. Da rawani aka yi da ba a ga haka ba. Ni ban taɓa jin iska ta naɗe bulo ba.

Baba Kafinta: Iska ba ta naɗe bulo, amma tana kayar da shi in ba a ɗaure da kankare ba. Kuma Sarki, faɗa musu sauran mana. Rufin ɓoye ruwansa a kwata yake taruwa a bayan rawani. Ƙurar hunturu ta cika ta, leda ta toshe bakin bututu, ruwan Agusta ya zo, ina zai bi? Silin. Gidaje nawa na je cire silin fi-o-fi da ya jiƙe ya rufto a dalilin haka? Ni da kai muka sha haɗuwa a irin wannan gyaran, kai kana toshe tsaga ni ina sauya katako.

Sarkin Bulo: Wannan laifin mai aikin ne Baba, ba laifin rawani ba. A yi kwata mai faɗi, a ba ta gangara, a share ta kafin damina.

Baba Kafinta: Haka ni ma zan ce, gidan Hajiya laifin mai aikin ne, ba laifin gebul ba.

Ɗan Birni: Ku bar ni in sa baki, ko da ni ba ma'aikaci ba ne. Sarki yana da gaskiyarsa ta tarihi. Ginin iyayenmu na cikin Badala bai san fitar baki ba. Azara ce ta giginya, a shimfiɗa, a zuba ƙasa, a ja rawani a zagaye, a kafa zanko a kusurwa. Wanda bai taɓa lura ba ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai. Amma su ba su bar ruwa ya kwanta ba: indararo suke fitarwa dogo, ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Bangon gabas kuwa sun san shi ne marayan gida, shi ake fara bi da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, masu hali su yi laso, simintin gargajiya. Kuma kusan duk shekara ake sake duba shi kafin ruwa ya sauka. Mu yanzu mun ɗauki rawanin mun bar kulawar. Wanda ya san ba zai hau rufi duk shekara ba, gara ya bar ruwa ya zuba waje da kansa.

Mai Walda: Duk wannan dogon zance, a yi rufin ƙarfe a huta. Ba gara, ba ruɓewa, in na ɗana wuta a wuri ya zauna ke nan.

Injiniya: Oga, ƙarfe ma in ka ɗosa guntun bututu mai siririn jiki a gefen rufi da ɗigon walda biyu, tafiya zai yi. Ƙa'idar ɗaya ce, ya taso daga ciki. Ballantana Alhaji ya riga ya sayi katako an ɗora.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. To yanzu mene ne mafita? Sai an ɓalle katakan kwancen duka? Gaskiya aljihu ya yi ƙasa, kwano ma ban gama biya ba.

Baba Kafinta: A'a, ba sai an ɓalle komai ba. Ga yadda zan yi da ni ne. A sayo sabon tu-bai-tiri irin wanda ke sama, don tsayinsu ya zo ɗaya, kwano ya kwanta lafiya. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne, a raba shi biyu, ƙafa 6-6. Kowane guda a kwantar da shi a jikin tsohon, su manne, gindinsa a kan rafta ta biyu, ya tsallaka raftar goshi ya leƙa waje. Ƙafa 4 ciki, 2 waje. A buge shi da ƙusa inci 4 a raftocin biyu, biyu-biyu a karkace suna kallon juna, sannan a ɗinke shi da tsohon ta gefe. Katako ɗaya ya ba ka layi biyu, ba asara. Shi ya sa zan ce ka haƙura da rabin ƙafar nan, ka tsaya a 2.

Kada ya yanke bakinsu a ƙasa yana cewa ya auna. A bar su da ɗan saura, in an gama bugawa a ja igiya daga tsororuwa zuwa mazubar ruwa, a yi alama, a bi da zarto. Sannan a kawo tu-bai-fo a haɗe kawunansu duka, na kudu da na arewa su haɗu a sama baki da baki. A kan wannan ake buga fesiya, ba a kan kawunan katakai tsirara ba.

Injiniya: Gyara biyu, Baba, da izininka. Na farko, ƙafa 2 ɗin nan daga tsakiyar raftar goshi take farawa, ba daga fuskar bango ba. In raftar na zaune a tsakiyar bulo inci 9, ka cire inci 4 da rabi, ka cire kaurin filasta, abin da zai rage a waje bai kai ƙafa 2 ba, sai dai tu-bai-fo da fesiya su ɗan mayar. Alhaji ya sani tun yanzu kar ya zo da tef ya ce an cuce shi. Na biyu, layin da ke kusa da tsororuwa da na ƙarshe a mazubar ruwa, ni zan so su shiga har rafta ta uku, wato ƙafa 8 ciki. A kusurwar ƙasa fita biyu ce ta haɗu, ta goshi da ta mazubar ruwa, babu inda iska ta fi samun kama kamar nan.

Baba Kafinta: Na karɓi na biyun hannu bibbiyu. Na farkon kuma ka ƙara da cewa katakon kasuwa ba kullum yake cika ƙafa 12 ba, kaurinsa ma haka, sunan tu-bai-tiri ne kawai wani lokacin. Alhaji, ka je 'Yan Katako na Na'ibawa da kanka, da tef a aljihu da guntun wanda ke kan rufinka don gwadawa. Ka ɗaga kowanne ka rufe ido ɗaya ka bi gefensa da kallo, mai baka ka ajiye. Mai ƙulli a tsakiya ma ka ajiye, in ƙullin ya faɗo daidai bango nan zai karye. Jan katako za ka nema, farin nan mara nauyi na silin ne da akwati. Kuma ka guji ɗanye, wanda ka ɗaga ka ji nauyin ruwa. Hunturu ɗaya zai murɗe shi.

Maman Sadik: Baba, maganar gara fa? Mu baƙin mai aka shafa mana.

Baba Kafinta: Baƙin mai dabarar talaka ce Hajiya, yana ɗan taimakawa, amma yana wari in rana ta yi zafi, kuma yana iya ɓata silin. Akwai maganin katako na gwangwani a Ƙofar Ruwa, shi ya fi. Abin da yara ke mantawa shi ne kan da aka yanke. Sun shafe jiki tun a ƙasa, sun hau sun yanke baki, sun bar shi fari. Ta nan ruwa yake shiga. A sake shafawa bayan zarto.

Injiniya: Saura babba ɗaya da ba a taɓo ba. Duk ƙarfin da muka ba fitar nan, a kan raftar goshi zai sauka, ita za a riƙa ɗagawa. In ita ba a ɗaure take da gini ba, mun gyara baki ne kawai don rufin ya tashi gaba ɗaya a haɗe. Alhaji ka duba ko an bar rodi ko langalanga a cikin kankaren linta lokacin zubawa. Shi ake naɗowa a kan katakon da ke kwance bisa bango da ƙafar rafta, a buge. Kowane sabon katakon kwance ma a ɗaura masa langalanga a inda ya tsallaka raftar goshi, kar a bar wa ƙusa aikin ita kaɗai. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da kuke gani a kan rufin mutane, wannan ɗaurin ne aka tsallake.

Wajen buga kwano kuma, fallen gefe a ƙara masa ƙusa fiye da na tsakiya, a kan tudu ba a kwari ba. Kada kwano ya wuce katako da fiye da inci 2, sauran reto zai yi. A kawo kwanon da aka lanƙwasa a rufe gefen, ya hau kan falle ya sauko kan fesiya, don iska ta rasa inda za ta sa yatsa.

Baba Kafinta: Kafin falle na farko ya hau, ya gwada kusurwa: ƙafa 3 ta nan, 4 ta can, tsakaninsu ya ba da 5. In goshi bai yi daidai da mazubar ruwa ba, bakin kwano zai fito haƙora-haƙora har ƙarshen gida, kuma ba ya gyaruwa sai an cire.

Almajirin Malam: Allah ya saka wa malamai da alheri. Tambaya ɗaya ga Alhaji: tsakanin bangonka da iyakar maƙwabci nawa ne? Ƙasa taka ce har iyaka, amma saman filin maƙwabci nasa ne. Kwano ya leƙa masa, ko ruwa ya riƙa sauka a katangarsa, an shiga haƙƙi, kuma hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Yau fili ne ba kowa, gobe zai zo ya yi gini. Zanen da hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ta amince maka da shi ma ai ya nuna tazarar da za a bari.

Baban Ilham: Malam ka taɓo inda ban duba ba. Ta gabas tsakar gidana ce, ba matsala. Ta yamma kuwa lungu ne, ƙafa 3 zuwa katanga. Dama don rana nake son fitar ta yamma, ɗakin yara ke nan, da la'asar bangon zafi yake ɗauka.

Injiniya: To ba ka yi asarar komai ba in ka rage ta. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, da tsakar rana rana kusan a ka take, fita kaɗan ma tana yi wa bangon kudu da na arewa inuwa. Amma ranar la'asar a karkace take zuwa, ta ƙarƙashin fitar take shigowa. Ƙafa 2 a can saman goshi ba za ta kare ɗakin yara ba, ɗan saman bango kawai za ta rufe. Abin da zai taimake ka shi ne a bar tagar iska a goshin biyu, sama da silin, zafin da ya taru a ƙarƙashin kwano ya samu hanyar fita. Ta gabas a yi mata marfi mai gangara saboda feshi. Ta yamma ka tsaya a ƙafa 1.

Maman Sadik: A sa wa tagar raga mai ƙananan ido don Allah. Ƙarƙashin fitar ma a rufe shi ruf. Mu da aka bar namu a buɗe, tattabaru suka fara tarewa, jemagu suka biyo baya, warin kashinsu har cikin ɗaki. Ranar iska kuma sai ka ga silin ɗin roba na numfashi.

Sarkin Bulo: To tunda ta yamma lungu ne, a ba ni ita in ja mata rawani, ku riƙe gabas. A raba gardama.

Baba Kafinta: Gida ɗaya kai biyu? Sarki, bar wa mutum gidansa ya yi kyan gani. Alhaji, ta yamma ƙafa 1 tsani zai iya, amma tunda za a sayo katako, a yi mata irin na gabas kawai, ƙafa 5-5 za a yanka.

Baban Ilham: Na fahimta. Saura wa zai biya? Ni a ganina shi ya yanke ba da izinina ba, shi ya kamata ya sayo.

Baba Kafinta: Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan tsaya wa ɗan'uwana. A zane aka rubuta fitar ko da baki ka faɗa?

Baban Ilham: Da baki ne, amma a gaban magini.

Baba Kafinta: To ya yi laifi, amma ba na mugunta ba, yadda aka koya masa ke nan. Kuma ko da bai yanke ba, ƙarin tsawon nan kai za ka saya tun farko. In ka ce ya biya daga kuɗin aikinsa, zai sayo mafi araha, ya rage ƙusa, kai kuma ba ka sama ba ka gani. Ka sayo katako da langalanga da hannunka, shi ya yi aikin ba ƙarin ko sisi. Kuma kar ka je ka ce masa wasu sun ce bai iya ba. Ka ce Injiniya ne ya ba da shawara saboda iskar gabas.

Injiniya: Ni aka ɗora wa ke nan. Na ɗauka.

Baban Ilham: Mun yi magana da kafintan, ya yarda ba musu, har ya ce dama ya fi son haka, tsoron kashe mini kuɗi ya yi. Na hau na duba linta, akwai rodin da aka bari ta kudu da arewa, amma ta goshi babu ko ɗaya. Magini kuma ya ce jibi zai cike goshin da bulo.

Baba Kafinta: Ka tsayar da shi. A fara huda bango layi biyu ko uku ƙasa da linta, a zura langalanga ta zagayo ta kama raftar goshi, wuri uku ko huɗu a kowane goshi, a ja ta yi tauri a buge. Bayan nan ya cike, ya bi gangaren da kankare da rodi. In ya riga ya cike, sai an fasa. Ka ɗauko mana hoton ɗaurin kafin kwano ya hau.